Yaya Salamatu, Ba Ke Ba Ce, Wayata Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Yaya Salamatu, a Magarya ko duk inda wannan takarda ta riske ki.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da yara baki ɗaya. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana gaishe ki, maigidana Sani ma ya ce in miƙa tasa gaisuwar.

Na san ba ki da shafi a nan dandalin sada zumunta, ke da ko babbar waya ba ki taɓa riƙewa ba. Lambarki ta daina shiga tun satin da kika bar Kano, yau shekara guda ke nan da 'yan watanni. Amma a bainar jama'a na ɓata miki suna, don haka a bainar jama'a ya kamata in wanke ki. Duk wanda ya karanta wannan, in ya san wata Salamatu 'yar Magarya, doguwa mai wushirya, wadda ta yi aikin gyaran zoɓo a Sharada, don girman Allah ya karanta mata.

Yaya, ba ke ba ce. Ba ke kike kai maganarmu ofis ba. Wayata ce. Ranar Laraba da ta wuce aka nuna mini da idona, kuma tun ranar nake jin ƙirjina sakayau, kamar an sauke mini buhu daga ka. Bari in ba ki labarin tun daga farko, don masu karantawa su san wace ce ke.

Kin tuna ranar da na fara aiki a siton zoɓon? Na zo da farin hijabi, kika kalle ni kika yi ta dariya, kika ce kafin azahar zai koma na amare. Haka kuwa aka yi, ƙurar zoɓo ta rina shi. Ke kika matsa mini wuri a tabarmarki. Ke kika koya mini yadda ake tsince kara da tsakuwa da hannu biyu, da yadda ake ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle. Matan layinmu suna tsokanarki don kina ce wa makaranta lakwal, ke kuma ko a jikinki. Shekara huɗu kwano ɗaya muka ci abinci. Lokacin da na haifi Ummi, ke kika yi mini sati biyu kina zuwa dafa ruwan wanka kafin ki wuce aiki.

Sai aka fara sa maganin ƙwarin nan da ake ce wa bom. A jera buhuna, a zuba ƙwayoyin, a lulluɓe da tamfol. A da, in an sa, sai an rufe siton kwanaki. Da oda ta yi yawa, sai ya zama yau a sa, jibi a yaye tamfol a ce mu shiga. Warin tafarnuwa ya cika ko'ina, kai ya yi ta sarawa, wasu su yi ta amai a bayan sito. Har ranar da Asabe ta yanke jiki ta faɗi da cikinta wata biyar. Ke kika goya ta har bakin titi. Cikin bai tsaya ba.

A ranar na ɗaga murya a gaban kowa, na ce wa manaja wallahi sai duniya ta ji. Kin ja mini hijabi, kika ce, "Rabi, ki yi a hankali, ba a faɗa wa mutum inda za a bi." Ban ji ba.

Ta hannun wata maƙwabciyarmu na samu Maryam, 'yar jarida a wani gidan rediyo. Mu bakwai muka yarda za mu yi magana da ita, har da ke a ciki, duk da cewa kin fi kowa abin tsoro tunda ba garinku ba ne. Muka haɗu a gidan Inna, nan cikin garin Sharada, ranar Juma'a bayan la'asar. Washegari da safe manaja ya tsaya a ƙofar sito ya kira sunayenmu bakwai, bai tsallake ko ɗaya ba.

Muka ce ƙila wani ne ya gan mu muna shiga. Sai muka mayar da haɗuwa ta biyu Dorayi, gidan gwaggon Maryam, kowa ta hau a-daidaita-sahunta daban. Ba mu kai ga isa ba aka fara kiran mazajenmu. Sani yana tsakiyar aiki a kamfanin fata na Chalawa wata baƙuwar lamba ta kira shi, aka ce ya tambayi matarsa abin da take zuwa yi Dorayi. A satin aka sallami mutum uku, Asabe da Lami da Hajiya Talatu, wadda ta girme mu duka.

Daga nan kowa ta fara kallon 'yar uwarta ta wutsiyar ido. In mutum biyu suna magana, ta ukun ta matso, sai a yi shiru. Ni dai a lokacin ke kaɗai ce ba na shakka. Shi ya sa ran nan bayan an tashi na bi ki ɗakinki, na jona wayata a caji kusa da katifarki, na zauna na gaya miki abin da ban gaya wa ko Sani ba. Na ce na ɗauko gwangwanin bom guda wanda aka yar, da rubutun gargaɗi a jikinsa, na naɗe a leda na ɓoye ƙarƙashin gadon Inna, don Maryam ta samu shaida. Daga ni sai ke a ɗakin. Kin ce in fitar da shi daga ɗakin tsohuwa, guba ce.

Kwana biyu tsakani manaja ya kira ni ofis. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ki dawo mana da gwangwanin da ke ƙarƙashin gadon mahaifiyarki." Na juya na fita. Ina fitowa kuma na tarar an ɗauke ki daga tsinta an mayar da ke wajen sikeli, inda ba ƙura, inda ake zama a kujera. Ni na haɗa wannan da wancan na yanke miki hukunci. Yanzu na gane cewa da gangan aka yi, don in haɗa ɗin.

Abin da na yi da yammar nan ba sai na tuna miki ba, amma zan rubuta shi don kada in sassauta wa kaina. An tashi aiki, mata sun yi layi a bakin ƙofa suna karɓar wayoyinsu daga kwalin masu gadi, tunda doka ce kowa ya ajiye waya kafin ya shiga. Na karɓi tawa, na juyo na tare ki. Na ce me suka ba ki. Na kira ki munafuka. Na ce dama ke ba 'yar nan ba ce, in mun mutu ba asararki. Wayar tana hannuna, da ita nake nuna ki.

Ba ki rama ba. Kin dube ni kawai kika ce, "Ni, Rabi?" Sai kika gyara mayafi kika wuce. Sati biyu kika ƙara yi, ba mai amsa gaisuwarki, kina cin abinci ke kaɗai a gindin katanga. Ina ganinki, ina kawar da kai. Ranar wata Litinin muka zo aka ce kin kwashe kayanki kin koma gida.

Inna ba ta taɓa yarda ba. Ta ce, "Matar da ta wanke miki jini ba za ta sayar da ke ba, ki sake bincike." Na ce mata Inna ba ku san mutanen yanzu ba.

To, kin tafi, magana ba ta daina fita ba. A nan ya kamata in farga, amma sai na ce ai kin bar wakiliya. Na zargi Lami, wadda ita ma an kore ta. Na zargi maƙwabciyar da ta haɗa ni da Maryam. Har Sani ban bari ba. Wata rana na gaya masa za mu kai ƙara wajen wani lauya a Na'ibawa, kafin mu je an riga an kira lauyan an ba shi tsoro. Na tsare Sani na ce ya rantse mini da Alƙur'ani. Bawan Allah nan ya yi alwala ya rantse, sannan ya yi kwana uku ba ya cin abincina. Na rame, Yaya. Ko sallama aka yi a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Na zama mutumin da ba ya yarda da kowa, kuma ba abin da ya kai wannan gajiyarwa.

Ita ma Maryam ba ta sha da daɗi ba. An tsara za a sa rahotonta, ana saura kwana ɗaya aka ce an ɗage. Sai hotunanta na cikin gida, waɗanda ba ta taɓa tura wa kowa ba, suka fara yawo a wayoyin dangin mijinta, da saƙon cewa ga irin matar da kuke aure. Duk wanda ta yi niyyar ganawa da shi, sai ta tarar an riga ta. Ta yi shiru watanni, har na ɗauka ta watsar da mu. Ashe tana ta neman inda matsalar take. A ƙarshe wata abokiyar aikinta ta kai ta wajen wata ƙungiya da ke duba wa 'yan jarida wayoyinsu. Suka samu abu a tata. Sai suka ce ta kawo duk waɗanda ta yi hulɗa da su a kan wannan aikin.

Ta zo har gida, ba ta kira ni ba. Ta yi mini alama da hannu in bar wayata a ɗaki, muka fita zaure sannan ta yi magana. Ni har haushi na ji, na ce wayar da ko kuɗin kati da ƙyar nake sa mata, wa zai ɓata lokacinsa a kanta.

Ofishin yana wani bene a Bompai, bayan layin kamfanonin alewa. Wadda ta karɓe ni sunanta Fa'iza, injiniya ce, mace mai haƙuri, ta girme ni kaɗan. Ta jona wayar a kwamfuta, ta ba ni ruwa, ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko wayar tana zafi ko da ba a taɓa ta ba, ko caji yana saurin ƙarewa, ko data tana tafiya ban san inda ta bi ba. Duk na ce e. Sai maganarki ta faɗo mini, yadda kike cewa, "Wayar nan taki kullum zazzaɓi take, ki kai ta likita." Muna dariya a lokacin.

Bayan kamar awa guda ta juyo mini da kwamfutar. Ta ce akwai wata manhaja da aka ɓoye a ciki, ba ta da hoto a fuskar waya, an sa mata suna irin na kayan da waya ke zuwa da su. Aikinta ta buɗe kunnen waya ta naɗi duk abin da ake faɗa a kusa, ta kwashi saƙonni da hotuna, ta faɗi inda mutum yake, ta tura wa wanda ya sa ta. Ko wayar tana jaka, ko tana caji a gefen katifa.

Na ce yaushe aka sa. Ta duba ta ce ranar Talata ce, wajen sha ɗaya na safe, ta faɗi watan. Na ƙirga da yatsu. Kwana huɗu ke nan bayan faɗuwar Asabe, kwana huɗu bayan na ce sai duniya ta ji. Sha ɗaya na safe ranar aiki kuwa, ina cikin sito hannuna ja-wur da zoɓo, ke kina gefena, wayata tana kwalin bakin ƙofa. Lambar sirrina kuma sifili huɗu ce, don kada in manta.

Ta ƙara da cewa ta lambata aka aika wa Maryam wani saƙo, wai ga hotunan sito ta danna ta gani, kuma ta nan aka shiga tata wayar. Ban taɓa tura wannan saƙon ba. Na fara rantse-rantse, Fa'iza ta dafa ni ta ce, "Mun sani. Ba laifinki ba ne, ke aka yi wa laifi."

Na ce mata to ki gaya mini abu ɗaya. In na faɗi magana a ɗaki, daga ni sai mutum ɗaya, wayar tana caji, za a iya ji? Ta ce tsaf.

Yaya, ban san lokacin da na sauka daga kujera ba. Na yi sujada a kan tayil ɗin ofishin mutane. Ina kuka ina dariya, Maryam tana riƙe da ni, su kuma sun ɗauka tsoro ne ya kama ni. Ba tsoro ba ne. Daɗi ne. Ban taɓa sanin mutum zai ji an ce shekara guda ana sauraren numfashinsa, ya yi murna ba. Amma abin da kunnena ya ji shi ne Salamatu ba ta ci amanata ba, Lami ba ta ci ba, Sani bai ci ba. Duk mutanen da nake so suna nan yadda na san su. Kunyar abin da na yi miki daga baya ta zo, a cikin a-daidaita-sahu, kuma har yanzu ba ta sake ni ba. Amma farko dai daɗi ne.

Da na isa gida na durƙusa a gaban Sani na ba shi haƙuri. Sai ya ce, "To yanzu dai a zuba mini tuwo da yawa." Inna kuwa ko mamaki ba ta yi ba, hannu kawai ta ɗaga sama.

Ba zan ce ga wanda ya sa abin da hannunsa ba, don ban gani ba, kuma na riga na ga inda zargi ba hujja ya kai ni. Fa'iza ta adana duk abin da ta samu, yana hannun lauyoyin ƙungiyar. Sun ce maganar za ta ɗauki lokaci, kuma ba su yi mini alkawarin komai ba. An wanke wayar tas, an sa mata doguwar lambar sirri, an koya mini in daina danna duk abin da aka turo. Ku da kuke karantawa kuna aiki inda ake karɓar waya a ƙofa, ku kashe ta kafin ku miƙa, kuma ku sa mata lambar kirki. In magana mai nauyi ce, a bar wayoyi a wani ɗakin. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ranar Juma'a na tara matan a gidan Inna, wayoyin kowa a cikin tukunya a kicin, an rufe da murfi. Na ba su labari. Lami ta yi kuka, ta ce ita ma ta daina amsa gaisuwarki in kun haɗu a hanya. Hajiya Talatu ta ce, "A bakin ƙofa kika zage ta, ba a ɗaki ba. Ki nemo inda ya fi ƙofar nan jama'a ki wanke ta." Shi ne na zo nan.

A zaman nan Maryam ta naɗi muryoyinmu da ƙaramar na'urarta, kowa ta faɗi abin da ta gani. Shekaranjiya da safe aka sa rahoton. Ba wanda ya riga mu wannan karon. Ina tsakar gida ina wanki na ji muryar Asabe tana fita daga rediyon maƙwabta, tana ba da labarin wadda ta goya ta zuwa titi. Ba ta faɗi sunanki ba, amma duk wadda ta yi aiki a siton ta san ke ce. Jiya an ce wasu jami'ai sun je sun duba wurin, an rufe ɓangaren da ake sa maganin. Ko zai ɗore, Allah masani. Ni dai na bar can tun watanni, ina naɗe alewa a Bompai. Asabe har yanzu tana tari in sanyi ya shigo, amma tana samun sauƙi, kuma ta fara sayar da awara a ƙofar gida.

Abin da na fi tsoro a kwanakin nan shi ne in zo neman gafara a ce mini ba kya nan. Sani ya je tasha ya yi ta tambayar direbobin hanyar Babura, wadda ake bi zuwa Magarya. Wani dattijo a cikinsu ya ce ya san ki, kina da teburin dambu kusa da inda suke sauke fasinja, kuma ko makon jiya ya ci na wajenki. Ya ce kin yi ƙiba. Wallahi da Sani ya faɗa mini sai da na sa ya maimaita.

Ban rubuto don in ce dole ki yafe ba. Maganar da na faɗa miki ta cewa ke ba 'yar nan ba ce, ba waya ce ta sa ta a bakina ba, daga cikina ta fito, kuma ni zan ɗauki nauyinta. Kin bar garinku kin zo neman halal, kin riƙe ni kamar ciki ɗaya muka fito, na saka miki da wannan. Ki yafe mini, Yayata, in zuciyarki ta iya. In ba ta iya yanzu ba, zan jira.

Na nemi hutun kwana biyu an ba ni. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan hau motar dattijon nan, ni da Ummi, wadda yanzu take gudu ko'ina kuma ba ta rufe baki. Zan zo in tsaya a gaban teburinki. In kin ce in zauna, in zauna. In kin kawar da kai, ba zan ga laifinki ba, zan faɗi abin da ya kawo ni a gaban duk wanda ke wurin, in juyo.

Allah ya saka miki da alheri a kan haƙurin da kika yi. Allah ya wanke ki a idon duk wanda ya ji mummunar magana a kanki, ya buɗa miki kasuwa, ya raya miki zuri'a, ya ƙara wa Baba lafiya. Allah ya tsare Maryam da Fa'iza da duk masu faɗin gaskiya daga sharrin na ɓoye da na sarari. Ni kuma Allah ya tsare harshena daga abin da ban tabbatar ba. Amin summa amin.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki mai neman afuwarki,
Rabi,
daga Sharada, Kano.